Takarkarin Bunu

Da hantsi ne, an kwana ana yayyafi, sai da rana ta ɗan ɗaga sannan hadarin ya yaye ya yi yamma. Ina zaune a bakin mashaya, gurmina a cinya, ƙafafuna cikin ruwa. A nan na gama haɗa waƙar. Ban ma san na gama ba, sai da na kai ƙarshe na duba na ga ba abin da zan ƙara.

Waƙar ta wana ce, Yaya Umara, ɗan farin Iya. Shekarun baya, lokacin da hari ya yi yawa a ƙasar nan, mahara suka faɗa wa ƙauyenmu, Kukar Baƙo, ana tsakiyar girbi. Har yau ba mu san mutanen wace ƙasa ba ne. Ni da Iya muna fadama muna yankan shinkafa, muka kwanta cikin ciyawa har suka wuce. Yaya yana gida yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Aka ɗaure shi tare da waɗansu aka tafi da su, wasu suka ce arewa aka yi, wasu suka ce gabas. Mu da muka rage muka ce ba ma sake kwana a wurin. Muka bi ruwa muka zo wannan tudu na kusa da Baturiya, inda doki ba ya iya shigowa rabin shekara.

Abin da ke cin Iya guda ɗaya ne. In Allah ya kuɓutar da shi, Kukar Baƙo zai nufa. Zai tarar da kufai, ciyawa ta rufe har rijiyar, ba kuma wanda zai tambaya ina muka yi.

Mun sha ba fatake saƙo. Amma saƙo sai an ga mutum ake ba shi, shi kuwa wanda aka sayar yana bayan katangar wani gida, ko yana can rinjin bayi cikin daji yana noma, an ma sake masa suna. Baba Ari ne ya ce mini waƙa tana shiga inda fatake ba sa shiga. Shi ne tsohon makaɗin masuntan nan, shi ya koya mini gurmi kafin hannunsa ya soma rawa. Na ɗauki maganarsa, na kwashe farkon damina ina haɗawa. Na sa kukar da ke bakin garinmu, na sa hanyar da muka bi, na sa inda muke yanzu, duk a ciki.

Na same shi a ƙofar bukkarsa yana shan rana. Na zauna na kaɗa masa daga farko har ƙarshe. Na ga ƙafarsa tana motsi ita kaɗai.

"Sake," ya ce.

Na sake.

"Wannan za ta yi tafiya, Shu'ibu. Ni ban taɓa yin irinta ba, kada kuma ka faɗa wa kowa na ce haka. Ya sunanta?"

"Ban sa ba tukuna, Baba."

"Ka kawo mini jaririya ba suna."

"Ai duk maganar tana ciki."

Ya yi dariya har da tari. "Maganar ciki ba ta zuwa ko'ina, ɗan nan. Makaɗin da ya ɗauke ta a Kaugama zai cire baiti ya sa sunan wanda ya ba shi tuwo. Na gaba ya cire wani ya sa na budurwarsa. Na yi wa mutane haka, an yi mini. Kafin ta yi nisa maganarka ta zube a hanya. Abin da ke isa shi ne kiɗan, sai sunan, don da suna ake roƙon waƙa. Ba mai cewa a yi masa waccan ɗin nan. Duk abin da kake so Umara ya ji, a sunan za ka sa. Kuma gajere, wanda mace za ta iya faɗa da tulu a kanta."

Na tashi zan tafi ya kira ni.

"Kada baƙo ya ji ta sai ka raɗa mata. A sana'ar nan, sunan da aka fara kira gaban jama'a shi ke zama. Ko sarki bai iya sake shi."

Na ɗauka aikin yini guda ne. Na fara da abin da ya fi sauƙi, na ce a kira ta Umara. Baba Ari ya ce in je tsakiyar kasuwar Haɗeja in ce Umara, in ga kawunan da za su waiwayo. Daga nan har Barno kowane gida da nasa. Na ce to Umara ɗan Isa, sunan mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa. Ya ce shi kaɗai ya san Umara ɗan Isa har a cikin surukansa.

Sai na sunan Iya. Umara na Aisa, da shi aka san Yaya a Kukar Baƙo, duk wanda ya fito daga can ya ji zai gane. Amma ni tun da aka haife ni ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba. Ita kuma ba ta taɓa kiran nasa ba, don ɗan fari ne. Babba take ce masa, ko ta ce wancan. Na yi kwanaki ina kewaye-kewaye kafin na same ta tana juya banda a kan wuta, na tsuguna gefe.

"Iya, waƙar nan ta Yaya. Baba Ari ya ce sai an sa mata suna."

"To ka sa mana."

"Na ce ko a sa nasa, a haɗa da naki. Kamar yadda ake kiransa a gida."

Ta juya tarwaɗa guda, ta juya wata. Hayaƙi yana shiga idonta ba ta kau da kai ba.

"Sunana ƙarti za su riƙa kira a kasuwa suna rawa?"

"Don ya gane ne, Iya."

"Wannan na iya haɗiyewa. Amma a gidanmu ba a yi wa mai rai waƙa da sunansa bayan idonsa. Waɗanda suka riga mu ake yi wa." Ta ɗago ta dube ni, ba faɗa a muryarta. "Ka ji wani labari ne game da Babba?"

"Ban ji komai ba."

"To nemi wani sunan, auta."

Na koma kan sunan wuri. In na ce Kukar Baƙo, na tura shi kufai ke nan. In na ce Baturiya kawai, me ya haɗa shi da Baturiya da zai tsaya ya saurara? Tudun namu kuwa shi ma bai da tsayayyen suna. Mu muna ce masa Sabon Zama, mutanen ƙetare suna cewa Tudun Masu, wato masunta, Fulani suna da nasu. Ni ba karatu mai zurfi gare ni ba, a ƙananan surori na tsaya, don haka na je wurin limaminmu, Malam Abdulwahid. Ya saurare ni da kyau. Ya ce su a wurinsu ana kiran waƙa da harafin da baitocinta ke ƙarewa da shi, ko da kalmar farko, amma bai ga yadda wannan zai kai mutum gida ba. Ya yi mini addu'a, na yi godiya na taso.

Marka ta wuce. Ruwa ya cika fadama har gindin giginyu, ya tsaya, ya soma ja da baya. Kullum in na kwanta kan gora cikin ruwa ina duba mali, tarkon kifinmu, sunaye nake jerawa a raina. Wani ya yi tsawo, wani ya yi kama da na waƙar biki, wani in na faɗe shi da ƙarfi sai in ji ba ya nufin komai. Da safe in samu wanda na yarda da shi, kafin azahar ya fita raina. In na wuce ta ƙofar Baba Ari sai ya ɗaga murya.

"Mai jego, yau ma ba a yi sunan ba? Yarinya ta kusa yaye."

"Ana nan ana dubawa, Baba."

"Kai ko mutuwa ta aike ka sai ta gaji ta tafi."

Da kaka fataken kanwa suka iso daga gabas, za su Kano. Madugunsu wani ƙaton mutum ne mai yawan dariya, ana ce masa Bunu. Sun ɗan yi sauri a bana, mashigin bai gama bushewa ba. Babban takarkarinsa ya shiga da kaya, ya lume cikin laka har ƙirji. Gari duk ya fita, aka ɗaura igiyoyi ana ja.

Ni ban sani ba. Ina can ƙetaren ruwa bayan kaba, inda nake zuwa kullum da la'asar in kaɗa waƙar ni kaɗai don kada hannuna ya manta. Ranar iska daga wajena take busawa, ruwa kuma yana ɗaukar sauti. Masu jan igiya suka ji kiɗa, suka ga ya dace da ja, suka riƙa ja a kansa. Wani cikin fataken yana da kalangu, ya ɗauko ya bi ni. Na ji kalangu daga nesa yana bin gurmina, har na ji daɗi, ban kawo komai a raina ba. Can sai na ji ihu da dariya. Takarkarin ne ya fito gaba ɗaya, Bunu da ke riƙe da wutsiya ya faɗa zaune cikin lakar.

Fanna, matar maƙwabcinmu, ita ta tare ni a hanya tana share hawayen dariya.

"Shu'ibu, ashe kai ne. Kiɗan nan naka shi ya fid da sa. Mai kalangu ya ce daga yau sunansa Takarkarin Bunu, kowa ya ɗauka."

Ba ta san ta wa ce waƙar ba. Ni da Iya da Baba Ari da liman kaɗai muka sani.

Na tarar da Baba Ari ya riga ya ji. Na ce masa wasa ne, kafin su kai Haɗeja sun manta. Ya ce, "Su kamar nawa suka kira shi?" Na ce gari duk. Ya ce in je tun ba su tashi ba, in ba Bunu sunan gaskiya a gaban mutanensa. Madugu ne, in ya ce a sake wataƙila a sake, tunda abin bai kwana biyu ba.

Da sassafe na je zangonsu suna ɗaure kaya. Na gai da Bunu, na faɗa masa ni ne mai gurmin jiya. Ya kama hannuna ya girgiza, ya kira mai kalangun. Na ba su labarin Yaya, na rera musu baitocin. Suka saurara, har Bunu ya ce Allah ya bayyana shi.

"To samari, ba mu san da haka ba. Ya sunanta na gaskiya? Faɗi, mu kai maka."

Na buɗe baki. Duk sunayen da na jera tun damina suka taso mini lokaci guda, ba wanda ya fi wani. Na Iya ya zo har bakina ya tsaya. Bunu yana jira, igiya a hannunsa. Shanu suna ta motsi, rana tana hawa, wani daga gaba yana kiran a tashi.

"Ban gama zaɓa ba," na ce.

Ya dubi mai kalangu, mai kalangu ya dubi ƙasa.

"To in ka zaɓa ka aiko," in ji Bunu. Ya dafa kafaɗata. "Baitocin dai yaron nan ya riƙe. Ko ba ka riƙe ba?"

"Na riƙe, madugu."

Suka kama hanya. Ban bar wurin ba har na daina jin ƙararrawar shanun.

Bayan 'yan kwanaki wata Bafulatana mai tallan nono, baƙuwa a wajen nan, ta shigo gidanmu. Tana auna wa Iya nono tana tambaya, ta ce ba ta san da gari a kan tudun nan ba, mu mutanen ina ne. Iya ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kukar Baƙo ce ta koma Baturiya."

Ina gefe ina feƙe ƙugiya. Na ajiye.

Baba Ari ya maimaita shi a hankali, ya sake maimaitawa da ɗan kiɗa a cinyarsa. Kukar Baƙo ta koma Baturiya. Ba sunan mai rai, ba sunan uwa. Duk ɗan garinmu da ya ji, ko a ina yake, ya san inda zai nufa.

"Shi ne," ya ce. "Shi ne sunanta." Ya daɗe yana kallon ruwa. "Da ya riga takarkarin nan zuwa."

Ban fid da rai ba a lokacin. Da bazara, ruwa ya janye hanya ta buɗe, na ɗauki bandarmu da gurmina na tafi kasuwar Haɗeja. Da na sayar da kifin na sami gindin wata tsamiya kusa da 'yan tabarmi, inda mutane ke fakewa don zafi. Ni ba mai ɗaga murya ba ne, amma ranar na ɗaga. Na ce ga wata waƙa, sunanta Kukar Baƙo ta koma Baturiya. Na faɗa na sake faɗa, sannan na taɓa tsirkiya.

Ban kai ƙarshen layin farko ba wani mai ɗinkin takalmi ya ɗago kai.

"Kai, Takarkarin Bunu."

Nan da nan aka kewaye ni. Suka ɗauki waƙar da kansu, ba su jira ni ba. Ban san ko baiti ɗaya cikin abin da suke rerawa ba. Akwai wutsiyar sa, akwai wandon madugu da laka ta cinye, akwai matarsa da ta ƙi buɗe masa ƙofa don ta ɗauka dodon ruwa ne. In an zo wurin faɗuwar sai kowa ya yi kamar zai zauna a ƙasa, a fashe da dariya. Kiɗan kuwa nawa ne, ko ɗigo ba a sake ba.

Na tsaya. Na ce musu ni na haɗa ta, ba kuma sunanta ke nan ba.

"Kowa ma shi ya haɗa ta," in ji mai takalmin. "Wancan makon wani ɗan Gumel ya rantse mana tasa ce. Kaɗa mana dai, malam, hannunka da daɗi."

"Daga Kano aka zo da ita," wani ya ce.

"Wace Kano? Ni a Damagaram na fara jinta," in ji wata dattijuwa mai sayar da daddawa. "Can ko bayin rinji da ita suke noma. In suka jeru da garma sai ka ji ana ja, ana ja, Bunu ya faɗi."

Na tambaye ta ko a can ana ambaton wata kuka a ciki, ko Baturiya. Ta ce wace kuka, waƙar takarkari ce. Na ci gaba da kaɗawa don sun tsaya suna jira. Tsakanin baiti da baiti ina faɗin sunan, tafi yana rufe shi. Wani yaro ma ya ɗauka sabon baiti ne na ban dariya, ya maimaita sau ɗaya ya bari.

Na yi wasu waƙoƙin bayan nan, kowace na sa mata sunan tun kafin in ɗaura tsirkiya. Baba Ari yakan saurara ya ce ba laifi. Ƙafarsa ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Na kaɗa su a mashaya, na kaɗa wa fatake, sukan gyaɗa kai, in na gama su ce to yanzu a yi musu Takarkarin Bunu. Ba wadda ta ƙetare ruwan nan.

Ban faɗa wa Iya abin da ya faru a Haɗeja ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sai wata ranar da yamma, shamuwa ta fara dawowa, na shigo gida na tarar Fanna ta zo aron turmi tana surfe a tsakar gidanmu. Matan da suka je kasuwa sun kawo baitocin har nan. Tana daka tana rerawa, tana jefa taɓarya sama tana tafawa. Iya na zaune bakin ƙofar ɗaki tana tsinkar zogale. Na zauna kusa da ita.

Ta daɗe tana saurare.

"Taka ce wannan," ta ce a hankali.

"Ita ce, Iya."

"Ta yi nisa?"

"Ta yi. An ce har Damagaram."

"Har wurin su Babba?"

"An ce har rinji ana yinta."

Hannunta ya tsaya a kan ganyen.

"Da sunan garin?"

"A'a."

Ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da tsinka, ta gama reshen da ke hannunta, ta ɗauki wani ta ajiye. Fanna ta zo wurin faɗuwar Bunu, ta buga taɓarya da ƙarfi, gero ya fantsalo gefen turmi ya zube a ƙasa. Kaji suka taso. Iya ta miƙe da kyar, ta ɗauki faifai, ta kore su. Ta tsuguna ta tattara geron da tafin hannu, ta bushe ƙasar, ta jira taɓarya ta yi sama ta juye shi cikin turmin. Fanna ba ta duba ba, ta shiga baiti na gaba.